Gwaggo Ta Yi Wa Toshina Guga

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wasu cikinku sun yi ta aiko min da saƙo wai na yi shiru da yawa, wata ma ta tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura ba. Saura ƙiris ma a fasa tun ba a fara ba, kuma duk a kan wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannuna ba. Ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Rashida, a Kaura Namoda nake, gidanmu na can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Shekarata ashirin da shida, wato a ganin Gwaggo Uwani saura kaɗan a fara ce min Hajiya Kaka. Gwaggo yayar Baba ce. Daga Birnin Tsaba ta dawo wurinmu da zaman ƙauye ya yi wuya, ta zo da akuya biyu, da dutsen gugarta na gawayi, da bakinta. Akuyoyin an sayar.

Bayan ƙaramar Sallah Baba ya kira ni ya ce shi ba zai zaɓa min miji ba, amma yana son in nuna masa mutum kafin a kai dawa rumbu. Baba dillalin hatsi ne, bai cika magana ba. Da ya cusa hannu a buhu ya san ko an yi algus, haka kuma yake yi wa mutane.

Mutumin da nake da shi ɗaya ne, Armiya'u, malamin tarihi a wata sakandare a Shinkafi. A wurin duba takardun jarrabawa muka haɗu a Gusau, ya ari jan birona bai dawo da shi ba sai da ya nemo lambata. Saboda halin da hanya take ciki, zancenmu da rana ne. Ranar Asabar yake zuwa da hantsi, kafin la'asar ya kama hanya. Gwaggo ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin saurayi da tsakar rana ba, sai ka ce mai yankan wuta.

Armiya'u yana da kunya kusan kamar tawa. Sai mu yi minti goma a zaure, shi yana kallon takalminsa, ni ina kallon bakin mayafina. Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki: tsoffin takardu. Tara su yake yi. Ba tsoffin kuɗin ƙasar nan ba, irin su fam da sule da kowane tsoho ke da su a ƙasan adaka. Shi nasa na Amurka ne, kuma ba na gwamnatinsu ba. Ya ce a da can, lokacin yaƙin basasarsu, mutane sun ɓoye silalla har canji ya yi wuya, sai kamfanonin da ke ƙetarar da mutane kogi suka riƙa buga 'yan takardunsu suna ba fasinja a madadin canji. In ka dawo ka miƙa, a sa ka a jirgi. Kamfanonin sun mutu, an yi gadoji, takardun da suka rage 'yan kaɗan ne. Wani abokinsa da ke karatu a can shi ke nemo masa in ya yi tanadi ya aika.

In ya fara wannan bayani sai in-inarsa ta ɓace, ya tura hula baya, yana zana kogi da yatsa a kan tabarma. Gaskiya ba duka nake ganewa ba. Amma ina son kallonsa a lokacin, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Asabar ta uku na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen agogo, wadda Inna ta ce tana sa ni haske, na yafa mayafi ruwan madara. Shi kuma ya zo da kaftani ruwan toka da aka yi wa guga har yana tsayuwa da kansa. Na kai masa hoce da kunun zaƙi. Bai ci ba. Da zai tashi sai ya zaro farin ambulan daga aljihun gaba, ya ajiye a gefen tabarma da hannu biyu kamar mai ajiye ƙwai.

"Malama Rashida, ga... ga wannan. Zan turo miki bayani in na isa."

Kun san al'ada. Toshin farko budurwa ba ta buɗewa, ba ta ma nuna ta san an ajiye. A gidanmu kuwa babbar mace ake kai wa, ta buɗe ta sa albarka, ta faɗi ko yaron ɗan mutunci ne. Na ɗauko da yatsa biyu na kai wa Gwaggo a gindin dalbejiya, na wuce ɗaki na tsaya bayan labule, inda nake tsayawa duk lokacin da ake maganata.

Gwaggo ta jinjina ambulan a hannu. Ta sake jinjinawa.

"Kulsumu," ta kira Inna, "wanga abu ba shi da nauyi hwa."

"Ƙila cek ne, Yaya. 'Yan boko haka suke."

Ta farke baki. Wata 'yar leda mai tauri ta faɗo, a cikinta takarda guda ɗaya, launin ƙasa-ƙasa kamar an jiƙa ta a shayi, duk ta yamutse, gefe ɗaya ya tsage har kusan tsakiya. Daga inda nake na hango hoton wani faffaɗan jirgi da mutum tsaye riƙe da gora, da keken doki a ciki.

"Mi na wannan?"

Inna ta kara ta kusa da ido. Inna ta yi firamare. "Akwai Amurka a jiki."

"Amurka?" Gwaggo ta miƙe zaune. "Dala ta ke nan!"

"To amma Yaya, dala ai koriya ce."

"Tsohuwa ta, Kulsumu. Ke ma da ba haka kike ba."

Na so in fito in ce wani abu. Na san ko mene ne, na ga irinta a wayarsa. Amma yarinya ta fito tana bayani a kan toshinta, a gaban gwaggonta? Da har garin Ɗan Isa sai an ji cewa 'yar Alhaji Maigari ta ƙosa. Na ce a raina ai ba komai, za ta ajiye a adaka, gobe in san dabarar karɓa. Na dawo na kwanta ina duba waya. Babu sabis. Tun azahar ya ɗauke, kamar yadda ya saba in ya ga dama.

Sai washegari da hantsi, ina tsakiyar wanke-wanke, wayar ta fara ƙara a kan turmi, saƙo na bin saƙo. Na goge hannu a zani na buɗe.

"Na iso lafiya, alhamdu lillahi."

"Takardar da na ba ki ta shekarar 1862 ce. Ita ce ta farko da na samu, kuma ita na fi so."

"Don Allah kada a cire ta daga ledar. Kada ruwa ya taɓa ta, kada a ninke."

"Tsagewar da ke jiki ma a bar ta haka, tun asali take."

"Kin yi shiru. Ko ban kyauta ba?"

Jama'a, na karanta sau biyu, sannan hancina ya gaya min abin da idona bai gani ba tukuna. Ƙaurin gawayi. Na juya. Ga dutsen gugar Gwaggo a bakin ƙofarta yana hucewa, ga 'yar ledar nan a yashe kusa da kwata, kaza na tsattsagarta.

"Inna, ina Gwaggo?"

"Ta tafi kasuwa wurin Mudi ɗan canji."

"Da takardar?"

"Da ita. Ai ta sha aiki. Ta ce ba ta kai kuɗi yagagge a rage mata daraja. Ta yayyafa ruwa ta goge ta sumul, ta manna salatif gaba da baya, kamar yadda take wa naira ɗari." Inna ta dube ni. "Lafiya kika dafe kai?"

"Lafiya lau, Inna."

Wannan ita ce ƙarya mafi girma da na yi a bana.

Kafin azahar muka ji sallamarta tun daga zaure, irin sallamar da ba amsa take nema ba. Ta shigo mayafi a kafaɗa, takalmi ɗaya ya tsinke, ta kwance bakin zaninta ta ciro takardar a ninke gida huɗu ta jefa a tabarma.

"Yau na ga wulaƙanci! Ni Uwani, da girmana! Mudi ya duba yac ce shi sefa ya sani, riyal ya sani, dala ya sani, wagga ko ƙosai ba ta saye. Ya kira maƙwabcinshi, shi ma yak kira wani. Sunka taru kaina suna dariya. Wani ɗan banza har yana tambaya ko jirgin na nan in hau in koma gida!"

Inna ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Kafaɗunta na rawa.

"Ke kuma 'yar boko," ta nuno ni, "wanga malami naki ko mayaudari na ko taɓaɓɓe. Ni ban san wanda yaf fi ba. Toshi dai mayar da shi za a yi. Yau ɗin nan zan gaya ma Maigari."

Ga wanda bai sani ba, mayar da toshi ba ƙaramar magana ba ce. An ce wa mutum kada ya ƙara tako ƙofar gidan ke nan, ba tare da an furta ba.

Baba ya saurari yayarsa har ta gama, ya juya takardar a hannu, ya shafa salatif ɗin da babban yatsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "A ce mashi ya taho ran Asabar. In ji daga bakinshi."

Kwana shida na yi ina rubuta saƙo ina gogewa. "Malam, wani abu ya faru." Na goge. "Malam, ka san Gwaggo tana da tsafta." Na goge. A ƙarshe abin da na iya turawa shi ne: "Baba yana son ganinka ranar Asabar." Ya amsa da "Allah ya kai mu" da alamar murna har uku. Bawan Allah ya zaci kiran alheri ne. Ni kuwa na kasa cin tuwo, har Inna ta fara jiƙa min sabara.

Asabar ya zo da farar shadda da sabuwar hula, yana ƙamshin turare. Baba na zaune a kan buzunsa a zaure, Gwaggo a gefe ta miƙe ƙafa, ta ci ɗaurin ɗankwali irin na zuwa kotu. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ido ɗaya a tsagar katako.

Bayan gaisuwa Baba ya ɗauko takardar daga aljihu ya warware ninkin, ya shimfiɗa a tabarma.

'Yan uwa, na taɓa ganin mutum ya ga motarsa ta ƙone. Bai yi irin fuskar da Armiya'u ya yi ba. Ya sunkuya. Ya kai hannu ya janye. Salatif ɗin na ta ƙyalli a hasken ƙofa, gefe ɗaya kuma ga tambarin dutsen guga, baƙi-baƙi, daidai kan keken dokin.

"Wa... wa ya gyara ta?"

"Ni," in ji Gwaggo. "Kuma ban karɓi ko sisi ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Yawwa. Ka ga da kai ka yi tun farko da ba ka wahalshe ni ba."

Baba ya gyara murya. "Malam Armiya'u, an kai wagga kasuwa an ce ba kuɗi ba ta. Mi ka kawo muna?"

Ya fara da in-ina, amma da ya kai wurin kogi sai harshen ya saku. Ya yi bayanin canjin da ya ɓace, da masu jirgin da suka buga tasu takarda, da yadda mutanen gari suka yarda da ita don sun san mai jirgin, sun san gobe ma yana bakin ruwa. Ya nuna sa hannun da aka yi da alƙalami a ƙasa, yanzu rabinsa a ƙarƙashin salatif. Ya ce shekara biyu ya yi yana bibiyarta kafin ta zo hannunsa.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Kamar yadda muke ba manomi 'yar takarda in ya aje buhu wurinmu."

"Kamar haka, Baba."

"In mai shagon ya mutu fa?"

"Sai ta zama takarda kawai. Sai dai wanda ya san labarinta."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji ko! Da bakinshi. Mai jirgi ya mutu, jirgi ya nutse, shi ko ya kwaso takarda ya kawo ma ɗiyarmu. Yaro, ko atamfa guda ba ka gani ba duk kasuwar Shinkafi?"

"Na gani, Gwaggo. Na ga kamar... kowa zai iya kawo atamfa."

"Awo, kowa mai hankali."

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya kafe Armiya'u da irin kallon da yake wa buhun da bai yarda da shi ba. "Gaya min gaskiya. Gyaran da anka yi mata, ya rage ta ko ya ƙara ta?"

In ya ce ba komai, Baba zai gane ƙarya ce, don fuskarsa ta riga ta faɗa. In ya faɗi gaskiya, ya kunyata Gwaggo a gaban ƙaninta.

"Ya rage ta, Baba. A wurin masu tara irinta, kusan babu abin da ya saura." Ya gyara zama. "Amma laifina ne. Na san ba Rashida za ta buɗe ba, ya kamata in yi bayani tun a nan, kunya ta hana ni. Kuma ni ba ni da ta cewa a kanta. Tun ranar da na ajiye ta tashi daga tawa."

Gwaggo ta buɗe baki ta rufe. Tunda ta zo gidanmu ban taɓa ganin haka ba.

"To," in ji Baba. "Mai abu ta zo ta faɗa. Rashida! Na san kina bayan ƙofa, ina ganin yatsun ƙafarki."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Na shigo na durƙusa can kusa da bango, na ja mayafi har goshi.

Na san yadda ake yi. Uba ya tambayi 'yarsa ko tana so, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, a ce alhamdu lillahi ta yarda. Shirun nan na iya shi, da shi aka haife ni. Na shirya tsaf in yi abina. Amma Gwaggo ta fi ni sanin al'ada, kuma ba ta huce da dariyar 'yan canji ba. Kafin Baba ya buɗe baki ta riga shi.

"Bari in tambaye ta, ni ad da hakki. Ke Rashida, a mayar mashi da takardarshi ko?"

Kun gane abin da ta yi min? Ta juya tambayar. Yanzu in na yi shiru, na yarda a mayar ke nan.

Na ɗago ido kaɗan na dubi Baba, ko zai gyara. Baba ya ɗauko carbinsa yana ja, yana kallon rufin zaure kamar yau ya fara ganin azara. Gefen bakinsa na motsi. Ashe shi ma so yake ya ji.

"Kun gani, ta yi kurum," in ji Gwaggo. "Ɗiya mai kunya. Miƙo ambulan, Maigari."

Ta kai hannu kan takardar. Na ga Armiya'u ya sunkuyar da kai, ya fara laluben takalminsa da ido.

Ban san lokacin da muryar ta fito ba. Ƙarama ce, kamar ta kyanwa da aka rufe a ɗaki.

"A bar min."

"Mi kic ce?"

"A bar min abata, Gwaggo."

"Wagga? Ƙonanna? Da ko ƙosai ba ta saye?"

"Ita nake so."

Can cikin gida na ji Inna ta saki guɗa rabi ta danne sauran da tafin hannu. Baba ya ajiye carbi, ya ɗauki takardar da kansa ya miƙo min, ya juya wurin Armiya'u da har yanzu bai ɗago ba.

"Malam, ka gaya ma manyanka ina nan ran Juma'a bayan an sauko. Su taho da wuri saboda hanya."

Yadda na fita daga zauren ban sani ba. Na dai tsinci kaina a ɗaki, fuska cikin filo, takardar a hannuna tana warin gawayi. Kunyar Baba ta hana ni fitowa har la'asar. Wajen ƙarfe biyar waya ta yi ƙara.

"Na iso. Tun Kaura nake murmushi, har direba ya tambaya ko lafiya."

Na daɗe ina kallon saƙon, sannan na rubuta mafi tsawon abin da na taɓa tura masa: "Ka yi haƙuri da abin da aka yi mata."

"Kada ki ɓare salatif ɗin, zai taho da tawadar. A bar ta yadda take. Akwai irinta a wurin wasu, amma babu wadda aka yi wa guga a Kaura."

Ina cikin karantawa aka ɗaga labule. Gwaggo ce, ta sauya ɗaurin ɗankwali, fuskar ta sauko. Ta zauna bakin gadona ta yi ajiyar zuciya.

"Yaron ba shi da laihi," ta ce. "Ya san girman manya. Sai dai ba shi da mai kula da shi." Ta matso ta rage murya. "Na tare shi bakin ƙofa na tambaye shi, yac ce yana da irin wagga cike da akwati, duk tsoffi, wasu sun yage. Ke ba ki iya ba, hannunki na biro na. In an tashi jere, da ni za a tahi Shinkafi. Kwana biyu ya ishe ni in gyara mashi su duka."

Ta miƙe tana gyara zani.

"Ki tuna min in sayo gawayi mai kyau."